Abin da aikin jinya ya koya min kan sadaukarwa

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a wajen aikinmu, musamman in muna aikin dare marasa lafiya sun samu barci. Wani abokin aikina ya dage wai babu mai yi wa wani alheri tsakani da Allah, kowa kansa yake yi wa, ko albashi kake nema ko yabo ko lada, in ma duk babu to zuciyarka ce kake so ta huta. Maganar ba sabuwa ba ce, tun ƙarni na 17 ake jingina irinta ga masanin falsafa Thomas Hobbes na Ingila, kuma tun 1726 wani malamin coci Joseph Butler ya ba da amsar da ni ta gamsar da ni. In na ji daɗi don yaron da zazzaɓi ya kwantar ya tashi yana neman koko, ai sai da na damu da yaron tukuna daɗin ya zo, wanda bai damu ba ko a jikinsa.

Kuma don Allah wace riba Dakta Stella Adadevoh ta ci? A Yulin 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola, aka kwantar da shi a asibitin da take aiki, aka yi ta matsa mata ta sallame shi ta ƙi, ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, a ƙasa mai cunkoso irin tamu. Da ta bar shi ya fita Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Amma fa akwai inda abokin nawa yake da gaskiya, kuma nan ne abin ya fi min ciwo. Na yi aiki a wani asibiti da in alawus ya maƙale ko safar hannu ta ƙare, sai oga ya tara mu ya ce aikin jinya sadaukarwa ne ku yi haƙuri, alhali shi nasa bai taɓa maƙalewa ba. Wannan kam son kai ne tsagwaronsa, ran wasu ake kyauta da shi. Suratul Hashri ta yabi Ansar don suna fifita wasu a kan kansu ko da suna cikin buƙata, to amma su suka ba da da hannunsu, ba ƙwata aka yi ba. Sa'ad bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya sa masa albarka ya ce a nuna masa kasuwa. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ma da ya so yin wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) a kashi ɗaya cikin uku ya tsayar da shi, saboda magada su ma suna da haƙƙi.

Shi ya sa yanzu in abokiyar aiki ta ce min ɗanta ba lafiya in riƙe mata dare, zan riƙe da zuciya ɗaya, ban ma jira ta rama min. Amma in aka turo ni ɗakin mai cuta mai yaɗuwa babu takunkumi babu safar hannu, sai na tsaya an kawo, ina da yara a gida, kuma in na kwanta gadajen da nake kula da su babu mai duba su.