Littafin kyauta ma yana cin kuɗi

Kuskuren da masu shirya bikin baje kolin littattafai na sa-kai suka fi yi shi ne fara yekuwar neman littattafai tun asusu na wayam. Kowane kwali da aka ba da kyauta yana tafe da kuɗin mota, ladan masu ɗauka da hayar ɗakin ajiya. Saboda haka kuɗi ake fara nema.

Kamfanoni da gidauniyoyi sukan tsara kasafinsu tun kafin shekara ta kama, don haka wasiƙar da ta isa ana saura wata guda yabo kawai take samu. A aika ta aƙalla wata 6 kafin ranar. Kada ta wuce shafi ɗaya: rana, wuri, adadin da ake so, da abin da za a yi da shi. Wanda aka ce masa ya ɗauki nauyin hayar zaure ya fi saurin amsawa a kan wanda aka ce ya taimaka da abin da ya sawwaƙa. Kuma alƙawari ba kuɗi ba ne, abin da ya shiga asusu kaɗai ake kashewa. Asusun ya kasance da sunan ƙungiya, mutum 2 ke sa hannu kafin a cire, kowace gudummawa da rasit ɗinta.

A wajen littattafan ake shan wahala. In ba a fayyace irin waɗanda ake so ba, wato harshe, shekarun masu karatu da fanni, mutane shara za su yi wa ɗakunansu: littattafan makaranta na tsohuwar manhaja, yagaggu, da waɗanda ruwa ya daka. Ba laifi a ce a'a. Littafin da ya yi fumfuna ko gara ta taɓa, a ware shi tun a bakin ƙofa, domin yana iya ɓata sauran kwalin. A ɗora kwalaye a kan katako, nesa da bango, a wurin da iska ke ratsawa. Ƙananan kwalaye sun fi: littafi 50 masu nauyin giram 300 kowanne sun kai kilo 15, babban kwali kuwa gindinsa kan ɓalle a hannun mai ɗauka.

A rubuta kowane littafi ranar da ya shigo. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bangonsa, wadda ta koma lamba 13 tun 2007, ana iya karanta ta da waya, aikin ya yi sauri. Waɗanda za a raba kyauta a buga musu hatimi, in ba haka ba sai a gan su a teburin masu sayarwa.

Kaya daga ƙasar waje suna da nasu tarkon. Yarjejeniyar 1950 ta UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ɗauke wa littattafai harajin kwastan a ƙasashen da suka amince da ita, amma ba ta ɗauke kuɗin jirgi da na kwana a tashar ruwa ba, kuma na kwanan kullum ƙaruwa yake yi. A rubuta wanda zai biya tun kafin a yi lodi.

A rufe karɓa ana saura mako 3, don tantancewa ta fi tarawa cin lokaci. A kuma san makarantu ko ɗakunan karatun da za su kwashe ragowar tun kafin a buɗe biki.