Karanta fayil ɗin CUE kafin ka ɓata faifai

Fayil ɗin CUE ba sauti ba ne. Ɗan rubutu ne da ke gaya wa manhajar buga faifan CD inda kowace waƙa ta fara a cikin babban fayil ɗin sautin da ya zo tare da shi. Tsarin ya samo asali daga manhajar CDRWIN. Tunda rubutu ne zalla, Notepad ma yana buɗe shi, kuma a ganina minti biyun da za ka yi kana duba shi sun fi asarar faifai uku sauƙi.

Fara da layin FILE, domin a nan aka fi samun matsala. Sau da yawa zai ce sunan fayil ɗin ya ƙare da wav, alhali abin da ke cikin foldar flac ne ko ape, saboda an matse sautin bayan an rubuta CUE ɗin. Manhaja ta nema ta rasa, sai ta tsaya. Hanyar da ba ta da rikici ita ce ka mayar da sautin WAV, ka ajiye shi folda ɗaya da CUE, sunan ya yi daidai da na layin FILE harafi da harafi. In akwai baƙin haruffa a sunan, sauya shi da gajere, ka gyara layin.

Sai layin INDEX 01, mafarin waƙa. A 04:12:30, huɗu minti ne, 12 daƙiƙa, amma 30 ɗin ba kashi cikin ɗari ba ne. Faifan CD yana raba daƙiƙa gida 75, don haka lambar ƙarshe ba ta wuce 74. Wanda ya kwafo lokaci daga manhajar sauraro ya rubuta 04:12:85, za a ƙi karɓa. Kuma daga farkon fayil ake ƙirga lokacin, ba daga ƙarshen waƙar baya ba. INDEX 00 kuwa tazarar da ke gaban waƙa ce, wadda na'ura ke ƙirgawa da baya kafin ta shiga.

Sautin kansa sai ya zama 44,100 Hz, bit 16, sitiriyo. Na 48,000 ko bit 24, sauya shi tukuna. Waƙoƙi ba sa wuce 99, kowace aƙalla daƙiƙa 4. Kada girman fayil ya ruɗe ka: WAV na minti 78 ya kusa MB 790, amma zai shiga faifan da aka rubuta MB 700 a jikinsa, domin faifan sauti da minti ake auna shi, iyakarsa 80.

A manhajar ImgBurn, zaɓi Write image file to disc, ka nuna masa CUE ɗin, ba WAV ba. Wanda ya ja WAV ɗin kai tsaye zai tashi da doguwar waƙa guda. A kowace manhaja ka tabbata ana kan Disc-At-Once, wato bugu ɗaya ba tsayawa. Track-At-Once yana kashe hasken leza bayan kowace waƙa ya cusa shirun daƙiƙa 2, kuma wannan yana datse wasan da aka ɗauka kai tsaye ko doguwar lacca. Masu Linux, manhajar cdrdao tana karanta CUE.

Gudun bugu, 8x zuwa 16x ya isa. Yi amfani da CD-R, wanda ake bugawa sau ɗaya, domin tsofaffin na'urori da rediyon mota da yawa ba sa karanta CD-RW, wanda ake gogewa a sake bugawa.

Layukan TITLE da PERFORMER, wato sunan waƙa da na mawaƙi, suna shiga faifai a matsayin CD-Text, in na'urar bugun tana iyawa. Idan kwamfuta ta nuna Track 01 kawai, ba lalle bugun ne ya lalace ba. Manhajoji da dama daga intanet suke ɗauko sunaye. Gwada faifan a na'urar da ke karanta CD-Text kafin ka sake buga wani.