Allurar da na ɗauka warkewa ce

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya miƙo mini tafin hannunsa, ya ce, "Kawu, taɓa nan." Wani ƙullutu ne mai tauri a gindin yatsan da ke maƙwabtaka da ƙaramin. Tun ban buɗe baki ba ya ce ya gani a waya allura ɗaya ke kashe shi, har ya sami wanda zai yi masa. Sai na zaro hannuna na dama daga aljihu, mai yatsu biyu a lanƙwashe, na ɗora masa a gwiwa.

Haka nawa ya fara. Likita ya ce ana kiran cutar Dupuytren, sunan likitan Faransa da ya yi mata tiyata a 1831. Tantanin da ke ƙarƙashin fatar tafin hannu ne ke kauri, ya soma da ƙullutu, daga baya ya zama kamar igiya ya janyo yatsa. Tana bin jini, shi ya sa gabana ya faɗi da na taɓa na yaron nan.

An yi mini allurar siteroyid, wato maganin rage kumburi, mai suna triamcinolone, a cikin ƙullutun sau uku, tazarar sati shida-shida. Ciwo ya tafi, ƙullutu ya yi laushi. Likitan ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa lallashi ne kawai, cutar na nan, in riƙa dawowa yana dubawa. Ban koma ba. To, fisabilillahi, wa ke kai lafiyayyen hannu asibiti, ga aiki ga iyali? Kuma da ya ɗan tsorata ni, wataƙila da na ji. A'a, ya faɗa, ni ne na toshe kunne.

Bayan shekara biyu abin ya dawo, yatsa ya fara sunkuyawa. Kunya ta hana ni fuskantar likitan, na je wurin wani da iyakar iliminsa riƙe sirinji. Ashe in igiya ta riga ta ja, siteroyid ba ya miƙar da yatsa. Abin da na samu: fatar wurin ta koɗe ta lotsa, sugana ya hau na kwanaki.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, amma ku yaran yanzu wa zai karanta? Kada ku yi allurar nan. Ko dai ku yi, in ƙullutun na ciwo, don ni ta taimake ni, amma likitan hannu ya yi ta. Jijiyar da ke motsa yatsa na dab da wurin, in maganin ya shige ta tana iya tsinkewa.

Sannan ku riƙa shimfiɗa tafin hannu a kan tebur. Ranar da ya ƙi kwanciya sumul, zancen allurar nan ya wuce, ku tafi a duba tun yatsa bai ƙandare ba.

Duk wannan bayani, shi kuwa gogan naku yana latsa waya da ɗaya hannun.