Godiya daga gidan Baba Maɗori

Assalamu alaikum. Jiya aka yi sadakar bakwai, yau ne na fara samun sukunin riƙe waya. Duk kun san yadda aka yi, tun daga faɗuwar Baba a bakin rijiya har kwana 19 da muka yi muna jinya a Kano, ba sai na maimaita ba. Mai shi ya karɓi abinsa. Alhamdu lillahi.

Daren Alhamis ɗin nan da muka kai Baba asibiti ne ya ƙi fita daga raina. Tun la'asar ake ruwa, burtali ya cika, sai a amalanke muka turo shi bakin kwalta. Ina riƙe da hannunsa na dama, na ji ya saki kamar tsumma. Hannun da tun ina yaro nake gani yana lalubar karaya a cikin kumburi, ya ja ƙashi ya zaunar da shi, ya jera kara ya ɗaure, ya shafa man kaɗanya ya yi tofi. Wallahi a wannan lokacin ne tsoro ya kama ni, ba ranar rasuwar ba. Ƙananan motoci suna ta wucewa, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai tsaya wa mutane a daji da tsakar dare? Sai wata babbar mota da ta ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ta wuce mu, ta ja birki can gaba, ta dawo da baya. Direban ya haska tocila, ya ce, “Subhanallahi, ba Baba Maɗori ba ne?” Ya kori yaran motarsa suka koma baya wajen shanu, aka kwantar da Baba a gaba, kansa a cinyata.

A ƙofar asibitin Gumel na ciro abin da ke aljihuna. Bawan Allahn nan ya naɗe wandonsa ya nuna mini ƙwauri, ya ce kwana 40 ya yi a zaurenmu yana cin tuwon Inna, kuma da ya tashi tafiya Baba ne ma ya ba shi kuɗin mota. Ko sunansa ban tambaya ba. Wanda ya san shi a tasha ya isar masa da saƙona: Allah ya tsare masa hanya, ya raya masa zuri'a, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Baba bai taɓa yanka wa kowa kuɗin ɗori ba. Kwanon gero, kaza, ko “Allah ya saka”, duk karɓa yake yi. In kuwa ƙashi ya huda fata, ba ya taɓawa, sai ya ce wannan na Asibitin Ƙashi na Dala ne, a tafi yanzu. Yakan yi barkwanci wai shi da asibitin tsara ne, tunda a 1959 aka buɗe shi.

An ce ba a ambaton suna a irin wannan, amma ku yi mini afuwa. Liman, wanda ya yi wa Baba wanka da kansa. Dagaci da ya tsaya kan haƙar kabari cikin laka. Iya mai ƙosai ta bakin tasha, da ta rufe sana'arta kwana uku tana kicin ɗinmu. Ma'aikatan jinya na dare. Fulanin rugar gabas da mutanen Magariya da suka tsallako daga Nijar. Allah ya saka muku da Aljanna, ya jiƙan iyayenku, ya ba ku masu yi muku fiye da haka, ya bar zumunci.

'Yan uwa na birni da suka turo saƙon murya, mun ji, mun gode. Inna dai ta yi ta leƙen ƙofa har ranar uku. Shi ke nan.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa hannun nan ya yi masa shaida, ya kyautata namu ƙarshen.

Duk mai bin Baba bashi ya same ni a gida kafin arba'in. Waɗanda kuma ya ba aron sandar dogarawa, in ƙafa ta warke, don Allah a dawo da ita. Shekaranjiya an kawo wani yaro da ya faɗo daga bishiyar kanya, ƙanena ya ɗora shi, yana kwance a zaure.