Tsohon Assam da ya hana ni jin wuridinsa

Jinyar yayana ce ta kai ni Delhi. Da jiki ya yi sauƙi, ɗansa da ke karatu a Guwahati ya nace sai na je na ga inda yake zaune, na bi jirgi zuwa jihar Assam, ƙasar ruwa da gonakin shayi. Ni da nake taƙama da kogin Kaduna, da na ga faɗin Brahmaputra sai na kama bakina.

Yaron da wani abokinsa ɗan gari suka hau da ni dutsen Nilachal, inda ɗakin bautar Kamakhya, wata abar bautar 'yan Hindu, yake. Sarkin tsohuwar daular Koch, Nara Narayan, shi ya sake gina shi a 1565. Ban shiga ba, ba addinina ba ne, ga layi kuma har ya zagaye ginin, sai mai rupi 501 ake bi da shi ta gajeriyar hanya. Abokin ya ce babu gunki a can ciki, wani dutse ne mai tsaga da ruwa ke ɓuɓɓugowa daga cikinsa. A watan Yuni sukan rufe ƙofa kwana uku, wai abar bautar tasu tana al'ada, masu tantra, wato masu bin hanyar ibada ta sirri, kuma su taru daga ko'ina. A farfajiya ga awakin yanka, ga tantabaru an shafe su da jan gari.

Muna saukowa wani mai jajayen kaya ya cafke hannuna, wai zai ba ni mantra, wato kalmar da suke maimaitawa kamar wuridi, na sirri mai jawo kuɗi a kan rupi dubu biyar. Na taya don in ga gudun ruwansa. Kafin mu karɓi takalmanmu ya sauko ɗari uku, da na ƙi kuma ya bi ni da baƙar magana. "Baffa, don Allah mu tafi," in ji yaron.

Da dare mahaifin abokin, tsohon malamin makaranta, ya gayyace mu gida. Tun a ƙofa ya rataya min gamosa, farin ƙyalle mai jan baki da suke karrama baƙo da shi, aka kawo tamul, goronsu ke nan, wanda ya sa ni gumi nan take. Sai shinkafa da miyar kifi mai tsami. Ko a Kano ban ga ana tilasta wa baƙo ƙari haka ba.

Da na ba shi labarin mai jajayen kaya ya yi dariya har da tari. Shi ma ashe yana da mantra, tun yana saurayi ya karɓa. Ɗansa na fassara, ya ce abin da suke kira diksha ba ciniki ba ne. Malamin, wato guru, yakan daɗe yana gwada almajiri kafin ya yarda da shi. In ranar ta zo a yi wanka, a yi hadaya, sannan guru ya raɗa masa kalmar a kunne, daga nan ta zama tsakaninsu. Abin da almajiri zai bayar kuwa gwargwadon ƙarfinsa ne. Na ce ai na ga littattafai a gindin dutsen, an buga kalmomin mantra irin su hrim da krim ɓaro-ɓaro, kowa na saya. Ya ce wanda ya ɗauka daga takarda baƙaƙe kawai ya ɗauka, ran kalmar daga bakin guru yake zuwa, shi ma daga nasa gurun.

Nan na tuna mutanenmu na ɗariƙa da ba sa jan wuridi sai da izinin muƙaddami, har su lissafo maka silsila. Sai dai namu an san lafazinsa, a masallaci ma ana ji. Shi kuwa carbinsa mai ƙwaya 108 ma a cikin 'yar jaka yake ja, kada ido ya gani. Ya ce mai son kalmar ta kama sai ya maimaita ta dubu ɗari a kan kowace gaɓa.

Na ce, "Baba, ni baƙo ne, gobe zan tafi, wa zan faɗa wa?" Ya nuna matarsa da ke zuba shayi, ya ce ita ma ba ta taɓa ji ba. Aƙidarsa ba tawa ba ce, amma mutumin ya burge ni. Da na tambaye shi game da masu tantra da ke amfani da giya da nama da zaman dare a wurin ƙona gawa, ya ce akwai su, ita suke kira hanyar hagu, ya ƙara min shinkafa.

Mayong, ƙauyen da ya yi suna da tsafi, kusan kilomita 40 ne daga Guwahati. Tsofaffin rubuce-rubuce a ɓawon itace na gani a ɗan gidan tarihinsu, babu mai karanta mana. A hanya wani ɗan sanda ya juya fasfona sama da ƙasa, ya jefo min shi ta taga ba ko sannu. Mun ga karkanda a gandun dajin Pobitora.

Ganyen shayi na sayo kilo biyu, kuɗinsa bai kai na tasi daga filin jirgin Abuja zuwa cikin gari ba.