Zuwa ga waɗanda ba su samu tafiya gida ba a Kirsimetin bana

Salama a gare ku 'yan'uwana na Legas, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalande. Iyayena mata na Zumuntar Mata, Baba Fasto da dattawan ikilisiya, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya ƙarshen shekara?

Daga Ingila nake rubuto muku, inda a watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba duhu ya rufe gari. Aikina kula da tsofaffi ne, kuma an riga an sa ni aikin dare ranar 24 ga wata. Shekaranjiya ƙanena ya kira ni daga Agege, muryarsa a sanyaye. Ya je tasha ya tambayi kuɗin motar Jos, ya lissafa shi da matarsa da yara uku, zuwa da dawowa, sai ya juyo gida bai ce wa kowa komai ba. "Yaya," in ji shi, "bana kam ba mu da Kirsimeti." Maganar nan ta hana ni barci, don na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tafiya Arewa ta zama sai mai hali. Wasunku ma tun lokacin da aka hana acaba a manyan unguwannin Legas a 2022 ba su sake miƙewa ba. Wasu kuma ba kuɗi ne ya tsayar da su ba, tsoro ne, domin ba mu manta da daren jajiberin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barikin Ladi ba, da jinin da aka zubar a can.

Mu da muka tashi a Ikko, wato Legas, mun saba ɗaukar Kirsimeti a matsayin tafiya. A ɗinka anko, a ɗaure buhun shinkafa da galan na mai, a kwana a hanya, a sauka cikin sanyin hunturu na gaske, kaka ta fito tana guɗa. Ban raina wannan ba ko kaɗan, ni ma kewarsa nake yi har cikin ƙashina. Amma na sake buɗe Luka sura 2 a ɗakin hutun ma'aikata, sai na ga abin da na yi shekaru ina karantawa ban lura ba. Kusan duk wanda ke cikin labarin nan ba a ɗakinsa ya kwana ba. Dokar ƙidaya ta Kaisar Augustas ce ta taso Yusufu da Maryamu daga Nazarat, tafiyar kwanaki, ga tsohon ciki. Suka isa Baitalami ba wuri a masauki, aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Waɗanda aka fara kai wa albishir kuwa makiyaya ne a bakin aikin dare. Bayan haka Matiyu ya ce gudu suka yi zuwa Masar saboda Hirudus. Ashe Mai Ceto a baƙunci ya fara rayuwa, kuma salamar da mala'iku suka yi shela a kan masu kwanan waje ta fara sauka.

Wannan ya tuna mini da Babanmu, Allah ya ba shi hutawa. Gadi yake yi a wani gida a Ikeja. Wata shekara mai gidan ya tafi hutu da iyalinsa, ya ce Baba ba zai motsa daga ƙofa ba sai bayan sabuwar shekara. Mama ba ta yi gunaguni ba. Da aka tashi sujada ta zuba shinkafa da miyar kaza a kula, ta goya autanmu, muka shiga molue, babbar motar haya ta Legas. A ɗan ɗakin gadin nan, da ko tabarma biyu ba zai ɗauka ba, muka zauna gwiwa na gugar gwiwa. Baba ya ciro Littafi Mai Tsarki nasa na Hausa, wanda bangonsa ya yage har ya naɗe shi da ledar burodi, ya karanta mana a hankali yana bin layi da yatsa. Mai shayin bakin titi, Basakkwace ne Musulmi, ya aiko da shayi mai kauri kofi shida ya ƙi karɓar ko kwabo, Mama kuma ta zuba masa nasa kwanon. Na ci Kirsimeti da yawa bayan wannan, har da na ƙasar nan mai fitilu ko'ina, amma ban taɓa ganin fuskar Baba a kwance kamar ranar ba.

Kada ku ɗauka Legas baƙon wuri ne ga wannan biki. A Badagiri, ƙarƙashin itacen Agia, masu bishara Thomas Birch Freeman da Henry Townsend suka yi sujadar Kirsimeti a 1842, ba ginin coci, ba benci. A watan Disamban 1893 kuma samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasarmu ta Arewa. Biyun farko zazzaɓi ya ɗauke su cikin 1894, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Duk sanda kuka taru a sujadar Hausa a Ikko, ta ƙofar da suka shigo kuke zaune.

Ban ce talauci daɗi ne da shi ba, ban kuma ce wanda ya rasa ɗan'uwa ya share hawaye ya yi murmushin dole ba. Ku yi kukanku a gaban Ubangiji, ya san ciwon. Abin da nake roƙo shi ne kada ku rufe ƙofa ku ce bana babu. Immanuwel aka kira shi, Allah tare da mu, kuma tare ɗin nan ya haɗa da ɗaki ɗaya a Agege da ƙarƙashin gada da ƙofar gidan mai kuɗi. Idan mudu ɗaya ya samu, a dafa shi. A duba saurayin nan da ya zo daga Kagoro ko Billiri bai san kowa ba, a ce masa ya zo. A kai wa maƙwabta Musulmi kwanonsu yadda suke kawo mana naman layya. Masu gadi da 'yan sanda da sojojin da ke bakin aiki ranar, wani ya ɗauki kula ya bi su.

Ƙanena, na turo ɗan abin da ya sawwaƙa, ba zai kai ku Jos ba amma zai sayi kaza. Ka kai yara sujada da ankonsu na bara. Ni ma a nan ranar Kirsimeti ba jirgin ƙasa, da ƙafa zan dawo daga aiki da safe. Idan iyayenmu mata sun tashi waƙa da kiɗan tulu da caki, don Allah ka ɗauko mini muryarsu a waya ka turo ta WhatsApp, ko minti biyu ne, zan sa a kunne a hanya.

Taku cikin Almasihu,
'yar Agege da ke Ingila