Gadar Hudson da layin dogon Kumasi

Kwana 2 da dawowata daga Amurka, muna zaune da Baba a ƙofar gida a unguwar Aboabo ta Kumasi bayan la'asar, ya ce in bar zancen dogayen benaye, in faɗa masa abin da ya fi tsaya mini a rai. Na ce wata tsohuwar gada ce.

Yayana da ke tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York ne ya kai ni. Jirgin ƙasa muka shiga, ya yi ta bin gaɓar kogin Hudson har garin Poughkeepsie. A 1889 gadar ta fara aiki, jiragen ƙasa suka yi shekara 85 suna haye ta da kaya, sai gobara ta kama ta a 1974. Tun daga nan jirgi bai sake hawanta ba, tsatsa ta yi ta ci. Da sun sare ta sun sayar da ƙarfen, da ba mai ganin laifinsu. Amma mutanen yankin suka dage har aka shimfiɗa mata kankare, aka yi mata shinge, aka buɗe ta ga masu tafiya da ƙafa a 2009.

Tsawonta ya ɗan haura kilomita 2, tsakaninta da ruwa kuwa kusan mita 65. Da muka kai tsakiya sai da na dafe hulata saboda iska, na leƙa na hango kwalekwale can ƙasa kamar ƙoƙo a randa. Ga tsofaffi da sandunansu, ga mata na tura keken jarirai, kuma ko sisi ba a karɓa a bakin shiga. Wannan ne ya fi burge ni.

Baba ya jima bai ce komai ba. Washegari ya ce in raka shi.

Muka hau turoturo, wato motar haya, zuwa kasuwar Kejetia, muka taka zuwa tsohuwar tashar jirgi. Layin da ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903 yana nan, sai dai 'yan kasuwa sun baza hajarsu a kansa, nan gwanjo, can takalma. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema. Abin da ya sosa mini rai shi ne yaran da ke tsallake shi, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ya ɗauka na koko da katako da mutane.

Baba ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sandarsa, ya saurari ƙararsa. Ya ce, "A kan wannan na shigo garin nan ina yaro, riƙe da hannun kakanka. Zo mu bi shi, in nuna maka inda muka sauka."